Amsoshin Tambayoyinku: Octavia Hill da Hayar Talakawa

TAMBAYA: Ni 'yar zumuntar mata ce a wata ikkilisiya a Kafanchan. Mun daɗe muna tara kuɗi, yanzu mun samu fili, muna so mu gina 'yan ɗakuna saboda gwauraye da marasa galihu. Sai gardama ta tashi a tsakaninmu. Wasu sun ce a zauna kyauta tunda aikin Allah ne, wasu sun ce a sa haya ko da kaɗan ce. Ana cikin haka wani dattijo ya kawo sunan wata Baturiya, Octavia Hill, ya ce ta sama wa talakawa gidaje amma tana karɓar haya, har tana tayar da wanda bai biya ba. Wace ce wannan mata? Kuma wanda ke karɓar kuɗi a hannun matalauci, za a ce taimako yake yi?

AMSA: Mama, sannu da aiki, Allah ya saka wa zumuntarku da alheri. Dattijon nan bai yi mata ƙazafi ba. Octavia Hill ta karɓi haya duk mako, ba ta barin bashi ya taru, wanda ya ƙi biya kuma takan miƙa masa takardar notis. Duk da haka a Ingila ana lissafa ta cikin waɗanda suka aza harsashin gidajen masu ƙaramin ƙarfi, har a 2012, da ta cika shekara 100 da rasuwa, aka sa dutsen tunawa da ita a majami'ar Westminster Abbey, inda aka binne sarakuna da manyan ƙasar. Sai an bi labarin daga tushe kafin a gane yadda abubuwan nan biyu suka haɗu a mace ɗaya, don haka ki yi mini haƙuri.

An haife ta ranar 3 ga Disamba, 1838, a Wisbech, wani ƙaramin gari a gabashin Ingila. Mahaifinta James Hill yana fataucin hatsi, yana kuma taɓa harkar banki, amma a 1840 kasuwa ta juya masa baya ya karye, daga baya rashin lafiya ta kwantar da shi, riƙon 'ya'ya mata biyar ya koma kan matarsa Caroline. Octavia ba ta yi zaman aji ba, uwarta ce ta koyar da ita a gida. Wanda ya tallafe su shi ne kakanta na wajen uwa, Dokta Thomas Southwood Smith, likita a asibitin masu zazzaɓi na Landan, mutumin da ya yi shekaru yana damun hukuma da magana ɗaya: cutar da ke kashe talakawa daga kwata da cunkoso da ƙazanta take tasowa. Da suka koma Landan a farkon shekarun 1850, uwarta ta samu aikin kula da wata ƙungiyar sana'ar mata, ita kuma Octavia, tana 'yar shekara 14, aka damƙa mata ɗakin da yaran unguwannin talakawa ke yin kayan wasa na sayarwa. Ita ke raba aiki, ita ke riƙe lissafi. Ta wurin yaran nan ta fara ganin irin wuraren da suke kwana.

Landan ta lokacin tana kumbura fiye da yadda gini ke iya binta. A 1801 mutanenta wajen miliyan 1 ne, a 1861 sun kusa miliyan 3. Kamfanonin jirgin ƙasa suna rushe unguwannin talakawa don shimfiɗa layin dogo, ba su gina wa kowa madadi, waɗanda aka tasa sai su ƙara dannuwa cikin lungunan da suka rage. Kwalara ta shiga birnin a 1848, ta dawo a 1853, ta sake dawowa a 1866. Sau da yawa mai gidan asali bai ma san 'yan hayarsa ba. Ya ba wani gidan dungurungum, shi kuma ya yanka shi ɗaki-ɗaki, ya zuba iyali guda a kowane ɗaki, ya tatsi abin da zai tatsa, ko ƙusa ɗaya bai buga ba. 'Yan haya su ma da suka ga ba mai gyara, sai su daina biya, su fasa abin da za su fasa, in bashi ya yi yawa su kwashe komatsansu da dare. Kowa na cutar kowa, gidan yana ruɓewa a tsakaninsu.

Maganar addininta kuwa, ba a cikin ɗarikar Angalika ta tashi ba. A Landan ta fara zuwa sauraron wa'azin wani malamin tauhidi, Frederick Denison Maurice, wanda tun 1848 shi da abokansa irin su Charles Kingsley suke cewa bangaskiyar da ta tsaya a ranar Lahadi, ba ta leƙa masana'anta da ɗakin haya ba, ba ta cika ba. A 1857 ta karɓi baftisma ta shiga ikkilisiyar Angalika, a cikinta kuma ta zauna har ta rasu. Abin da na ga ta ɗauko daga wa'azin nan shi ne kallon talaka a matsayin cikakken mutum mai iyali da mutunci da nauyi a kansa, wanda za a yi hulɗa da shi ido da ido. Ba ta mai da zuwa coci sharaɗin samun ɗaki ba. Da dama cikin 'yan hayarta na farko 'yan Ailan ne mabiya Katolika, matan da ke yi mata aiki kuma littafin haya suke shiga gida da shi, ba takardun wa'azi ba.

Kuɗin fara aikin daga hannun John Ruskin ya fito, shahararren marubuci mai sharhi kan zane-zane, wanda ya ɗauke ta aikin kwafar zanen tsofaffin gwanaye tun tana budurwa. Mahaifinsa ya rasu a 1864 ya bar masa dukiya mai yawa. A 1865 ya biya fam 750 ya karɓi gidaje uku masu ɗaki shida-shida a wani lungu mai suna Paradise Place a unguwar Marylebone, ya miƙa mata riƙonsu, tana da shekara 26. Ya gindaya sharaɗi guda: kuɗinsa su riƙa kawo ribar kashi 5 cikin 100 a shekara. Ba don yana bukatar ribar ba. Hujjarsa ita ce, in aka yi abin a matsayin kyauta, shi kaɗai zai yi, daga gida uku ba za a wuce ba. In kuwa aka nuna cewa ana iya ba talaka ɗaki mai kyau ba tare da mai kuɗi ya yi asara ba, wasu masu kuɗi za su biyo baya. A nan tushen hayar da kike tambaya a kai yake.

A 1866 ya ƙara mata wasu gidajen a Freshwater Place, kuma ita da kanta ta rubuta yadda ta same su. Shafen bango yana zubowa. A kan wata matakala an ajiye bokiti yana tarar ruwan da ke yoyo daga rufi. Katakon dafawa na matakalar babu shi, 'yan haya sun ɓalle sun hura wuta da shi. Mai gida ya kulle ɗakin wanki ya cika shi da tarkacensa, mata suna wanki da shanya a cikin ɗakin da suke dafa abinci suke kwana. Cikin gilasan taga 192, guda 8 ne kawai ba su fashe ba. Ta kuma ba da labarin wani mai gidan haya da sana'arsa shirya jana'iza ce, wanda ya gaya mata ƙiri-ƙiri cewa bashin haya bai dame shi ba, abin da yake samu daga mace-macen gidan ya fi masa.

Ba ta rushe ta gina sabo ba. Ta fara da abin da ke kashe mutane: kwata, ruwan sha, rufi, shara. Sauran gyara kuma a hankali ta riƙa yi, gwargwadon yadda ta ga mutanen suna riƙe wanda aka riga aka yi, don ta lura in aka zuba wa gida sababbin kaya rana ɗaya alhali halin zaman bai sauya ba, kafin shekara ta zagayo an koma gidan jiya.

Sannan ta hau matakala da ƙafarta. Wannan shi ne zuciyar tsarin, kuma shi ne abin da masu ba da labarinta kan yi saurin wucewa. Duk mako ita ko wata daga cikin matan da ta horar za ta zo ƙofar kowane ɗaki da littafin haya. Ba ta faɗawa ɗakin mutum sai an ce ta shigo, don a wurinta ɗakin da mutum ke biya nasa ne, ladabin da za ta yi a gidan mai kuɗi shi za ta yi a nan. Ta karɓi kuɗin, ta rubuta. A tsayuwar nan ta 'yan mintoci take jin cewa maigidan ya rasa aiki, ko yaro na tari, ko famfo ya lalace, ko maƙwabta biyu ba sa ga-maciji, sai ta san wanda za ta raba wa hawa. Mai zuwa duk mako shekara da shekaru ya san gida fiye da duk wani jami'in da za a turo da takardar tambayoyi.

Dalilin karɓa mako-mako a fili yake: lebura da mai wanki da mai talla a mako ko a yini suke samun kuɗi, sule kaɗan a mako abu ne da za su iya. Ki gwada wannan da abin da muka saba a garuruwanmu, inda ake ce wa mai sayar da ƙosai ta kawo hayar shekara guda cif, wani wurin ma biyu, ga kuɗin dillali a kai. Sau da yawa ba tsadar ɗakin ce ke korar talaka ba, dunƙule kuɗin ne.

Akwai wata dabara tata da na fi so. Kowane gida ta ware masa wani kaso na haya don gyara. In lokacin lissafi ya zo aka ga ba a cinye kason ba, saboda ba a fasa taga ba, ba a toshe kwata ba, ragowar ba ta shiga aljihun kowa: a kan abin da 'yan haya suka zaɓa da kansu ake kashe ta, ko kabad, ko wani abin da zai sauƙaƙa musu zama. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Daga ranar da aka fara haka, yaron da ya jefi gilashi ba da Octavia yake rigima ba, da uwayen gidan yake yi. Aikin fenti da shafe da ƙananan gyare-gyare kuma takan adana su sai lokacin da aiki ya yanke wa mazan gidan, ta ba su, ta biya su lada, su biya haya daga ciki. 'Yan matan da suka tasa ta riƙa biyansu su wanke matakala da farfajiya. Ta buɗe musu asusun ajiya. Iyalin da ke cunkushe a ɗaki ɗaya ta lallashe su su karɓi biyu, ta sa kuɗin bai fi na ɗayan da yawa ba, abin da ya yiwu saboda ta cire ɗan tsakiyan nan mai yanka gida. Jujin da ke gaban gidajen Freshwater Place ta share shi ya zama filin wasan yara, aka dasa itatuwa.

To, me ya hana ta bar musu hayar gaba ɗaya? Na farko dai lissafi: gidan da ba ya kawo komai, ranar da mai kyauta ya gaji ko ya mutu, rufinsa ya fara yoyo ke nan. Na biyu ya fi wannan nauyi. Wanda ke zaune kyauta ba shi da bakin cewa a gyara masa ƙofa, sai dai ya roƙa, ya yi godiya, ya yi shiru ko an wulaƙanta shi. Wanda ya biya kuwa yana da haƙƙi, kuma ta ɗauki haƙƙin da gaske: kai ka kawo haya a kan lokaci, ni in yi gyara a kan lokaci. Ta kuma ga yadda sadakar da ake watsawa ba bincike take yi a Landan, inda masu baki ke kwashewa, masu kunya su kwana da yunwa. Shi ya sa tana cikin jiga-jigan wata ƙungiya da aka kafa a 1869 don tsara ba da sadaka, wadda ke bincikar kowane mai nema kafin a ba shi. Talakawa da yawa sun tsani ƙungiyar nan, kuma suna da dalili. Zan dawo kan wannan.

Hasashen Ruskin ya tabbata. Masu kuɗi suka riƙa sayen gidaje suna miƙa mata, zuwa 1874 tana riƙe da rukunin gidaje 15 masu 'yan haya wajen 3,000. A 1875 aka tara rubuce-rubucenta a littafi mai suna Homes of the London Poor, aka fassara shi da Jamusanci bisa ƙoƙarin Gimbiya Alice, 'yar Sarauniya Victoria. A shekarar ce kuma majalisa ta yi dokar da ta ba hukumomin birane ikon rushe unguwannin da suka lalace, dokar da tana cikin waɗanda suka matsa a yi. Matan da suka koyi aiki a hannunta suka bazu. Henrietta Barnett da mijinta, wanda limamin coci ne, suka tafi Whitechapel, ɗaya daga cikin unguwannin da suka fi talauci a gabashin Landan. Wasu suka zo daga Holan suka koya suka koma Amsterdam. A Philadelphia ta Amurka aka kafa ƙungiya da sunanta a 1896.

Ba lafiya lau aka yi ta tafiya ba. A 1877 suka ɓata da Ruskin, ya caccake ta a rubuce a bainar jama'a, ga gajiyar shekaru, sai jikinta ya ƙi, ta bar aiki ta yi doguwar tafiyar jinya a ƙasashen waje. Gidajen ba su rushe ba, 'yan'uwanta mata da abokan aikinta suka riƙe. A ganina wannan ce jarrabawar da tsarin ya ci, don aikin da ba ya tafiya sai mai shi na tsaye bai zama tsari ba tukuna.

A 1884 hukumar da ke kula da kadarorin ikkilisiyar Angalika ta nemo ta. Ikkilisiyar tana da filaye da gidaje masu yawa a kudancin Landan da ta ba wasu haya na dogon lokaci, da wa'adin ya ƙare suka dawo hannunta sai ga su kangaye cike da mutane, abin kunya ga masu wa'azin ƙaunar maƙwabci. Aka fara ba ta na Deptford da Southwark, a 1903 kuma aka ƙara mata eka 22 a Walworth, inda aka sake gini aka zaunar da ɗaruruwan iyalai. A Southwark ne ta karɓi wani fili da masana'antar takarda ta ƙone a kai, a 1887 ta mai da shi lambu mai suna Red Cross Garden, da ɗan tafki da wurin zama, ta gina ƙananan gidaje shida da zauren taro a gefensa. Lambun yana nan har yau. Ta yi imani cewa wanda ke zaune a ɗaki ɗaya ya fi kowa bukatar wurin da zai fita ya sha iska, wannan ne kuma ya kai ta, tare da Robert Hunter da Hardwicke Rawnsley, ga kafa National Trust a 1895, ƙungiyar da ke adana filaye da gine-ginen tarihi don amfanin kowa. Yawancin Turawan Ingila ta nan suka san sunanta.

Yanzu ga inda nake ganin 'yan zumuntarku masu cewa a zauna kyauta suna da gaskiyarsu. Tsarin Octavia Hill yana aiki ne ga talakan da ke da ɗan abin shiga, ko yaya yake. Tsohuwar da ba ta iya aiki, da mai ciwon da ya ƙi warkewa, da matar mashayin da ke shanye kuɗin haya, waɗannan in an ba su notis ba ɓacewa suke yi ba, lungu na gaba suke komawa, wurin mai gidan da ya fi na da mugunta. Littafinta zai nuna ba bashi, amma wani ɓangare na tsabtar littafin daga waɗanda aka fitar ya samu. Tana kuma da iko mai yawa a kan rayuwar mutane: takan tayar da wanda ta ga zamansa bai dace ba ko da yana biya, kuma ba wurin ɗaukaka ƙara. A hannun mace mai tsoron Allah irinta abin ya zo da sauƙi. A hannun wani fa?

Ta kuma yi tsayin daka a kan abubuwan da zamani ya nuna ba ta hango daidai ba. Ta ƙi yarda hukuma ta gina wa talakawa gidaje da kuɗin haraji, tana cewa hakan zai kori masu gini na kansu, kuma ɗan siyasar da 'yan hayarsa ne masu zaɓensa ba zai iya riƙe gida da gaskiya ba. (Wannan tsoro na biyu, duk wanda ya ga yadda ake rabon gidajen gwamnati ba zai yi masa dariya ba.) Ta ƙi fanshon tsofaffi da aka kafa a 1908, sule 5 a mako ga wanda ya kai shekara 70. Ta ƙi ciyar da yara kyauta a makaranta. Har ƙuri'ar mata a zaɓen majalisar ƙasa ta ƙi, ita da ta fi yawancin 'yan majalisar sanin halin da birnin ke ciki. Beatrice Webb, wadda ita ma ta yi aikin karɓar haya a gabashin Landan tana budurwa, ta fito daga aikin da akasin ra'ayin: talaucin ya fi ƙarfin gyaran hali, albashi ne bai isa ba, sai hukuma ta sa hannu. Su biyun sun zauna a kwamitin binciken dokokin talakawa da aka kafa a 1905, Octavia ta sa hannu a rahoton masu rinjaye, Beatrice ta jagoranci na marasa rinjaye. Lissafi ya goyi bayan Beatrice. 'Yan dubban da Octavia ta zaunar a birnin miliyoyi ba su kashe ƙishirwa ba. Majalisar birnin Landan ta buɗe babban rukunin gidajenta na Boundary Street a 1900, dokar 1919 ta ɗora wa ƙananan hukumomi nauyin gini, zuwa ƙarshen shekarun 1970 kusan kashi ɗaya cikin uku na iyalan Birtaniya a gidajen hukuma suke zaune. Sai dai da yawa cikin manyan rukunan nan sun lalace ta hanyar da Octavia ta yi gargaɗi: an gina, an raba makullai, ba mai hawa matakala.

Amsata ga tambayarki ta biyu ke nan, Mama: i, taimako ne, in hayar tana komawa cikin gidan, in mai karɓa yana ɗaukar gyara a matsayin bashi a wuyansa, in kuma an yi tanadin wanda ba zai iya biya ba. Na ukun ne Octavia ta gaza a kai, ku kuma kuna da abin da za ku cike gurbin da shi, tunda ku ikkilisiya ce ba masu zuba jari ba, ba wanda ke jiran kashi 5 daga wurinku. Da ni ne, sai in ce ku yi asusu biyu kada ku gauraya su. Ɗaya na gida: kowane ɗaki a sa masa haya mai sauƙi, a karɓa mako-mako ko wata-wata, a rubuta, a ware kason gyara, ragowar masu zama su faɗi abin da za a yi da ita. Ɗaya na jinƙai, daga baikonku: gwauruwar da kuka tabbatar ba ta da hali, zumunta ta biya mata hayarta daga nan zuwa asusun gida, ba tare da an yi shela ba. Ita ta zauna da cikakken haƙƙinta kamar kowa, rufi kuma ya samu kuɗin kwano. Ku zaɓi mata biyu masu haƙuri da riƙon sirri su riƙa zagayawa, ku koya wa wasu biyu a bayansu. Dokar tayar da mutum kuma kada ta zama a hannun mutum ɗaya.

Abu na ƙarshe shi ne takarda. Ku rubuta a takardar filin da ta ƙungiya cewa ɗakunan nan na waye, don wa aka gina su, wa ke da ikon sayarwa ko ƙara haya. Dalilin da ya sa na nace a kan wannan yana cikin ƙarshen labarinta. Octavia Hill ta rasu ranar 13 ga Agusta, 1912, a gidanta na Marylebone, bayan fama da ciwon daji, aka binne ta a Crockham Hill da ke Kent. Ba ta yi aure ba. Matan da ta horar suka kafa ƙungiyar ma'aikatan gidaje a 1916, wadda tana cikin tushen cibiyar ƙwararrun harkar gidaje ta Birtaniya ta yau, wasu gidajen nata kuma suka ci gaba da zama a hannun wata ƙungiya mai ɗauke da sunanta. Amma na ikkilisiya riƙo kawai aka ba ta, mallaka tana wurin hukumar kadarori, kuma ba abin da ya ɗaure hukumar ta ci gaba da hayar rangwame har abada. A farkon shekarun 2000 ta fara ba da wasu ɗakunan da suka zama ba kowa a kan farashin kasuwa. A 2006 ta sayar da gidaje sama da 1,000 a Walworth da Waterloo da Vauxhall da wasu unguwanni ga haɗin gwiwar wani kamfanin gidaje da wata ƙungiyar gidaje, tana cewa nauyin da ke kanta shi ne ta samo kuɗin fanshon limamai da na hidimar ikkilisiya. 'Yan haya sun yi zanga-zanga, 'yan majalisar yankin sun yi magana, cinikin dai ya faɗa.